LABARIN FRANK BUCKLAND, SUFETON KIFIN INGILA

Yau za mu kawo wa masu karatu labarin wani Bature da ya rasu tun cikin 1880, sunansa Frank Buckland. Likita ne shi, amma ya ajiye aikin asibiti ya ƙare ransa wajen tsaron kifi. Mun zaɓi labarinsa ne don ya nuna abin da kan sami arzikin ƙasa sa'ad da jama'a suka yawaita, da kuma abin da ma'aikacin hukuma guda ɗaya zai iya yi in ya riƙe aikinsa da gaskiya.

Kafin mu shiga labarin mutumin, ya kamata mu bayyana irin kifin da ya yi wa hidima, don ba a samunsa a ruwayenmu. Sunansa salmon. Kifi ne babba mai jan tsoka, yana zaune a ƙasashen sanyi, kuma Turawa na ganin darajarsa ƙwarai. Rayuwarsa abin mamaki ce. Uwar ta kan haƙa rami cikin tsakuwa can kusa da mafarin kogi, ta zuba ƙwai da hunturu. In 'ya'yan suka ƙyanƙyashe sai su zauna a kogin shekara 1 zuwa 3, sa'an nan su gangara teku. Waɗansu su kan yi tafiya har gaɓar Girinlan neman abinci. Bayan shekara ɗaya ko fiye sai su juyo, ko wane ya nufi kogin da aka haife shi, yana haye ruwa yana tsallake gangare, har ya kai inda zai hayayyafa. To, kifin da ya ke da irin wannan hali, abu uku ya ke bukata: ruwa mai tsabta, da hanya buɗaɗɗiya, da masunta masu barin saura. In ɗaya ya ɓaci, irinsa ya ƙare a wannan kogi.

An haifi Buckland a birnin Oxford ran 17 ga Disamba, 1826. Ubansa, William Buckland, babban malamin coci ne, kuma shahararren masani a kan ilmin duwatsu. Gidansu cike ya ke da dabbobi, masu rai da busassu, kuma uban yana da wata ɗabi'a ta son ɗanɗana naman ko wace irin dabba, har ya kan sa a dafa wa baƙinsa bushiya ko kada. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaron ya tashi da son dabbobi da binciken cikinsu. Ya yi makaranta a Winchester, daga nan ya shiga jami'ar Oxford cikin 1844, inda har ya yi kiwon wata dabbar daji mai kama da katon kare, wadda Turawa ke kira beya, sai da hukumar makaranta ta tilasta shi ya rabu da ita. Da ya gama sai ya koyi aikin likita a Asibitin St George a Landan, kuma cikin 1854 aka ɗauke shi likitan soja a rundunar baraden da ke tsaron Sarauniya.

Aikin sojan ba shi da nauyi, saboda haka ya sami sukunin rubutu. Ya riƙa aika wa wata jarida mai suna The Field labarun dabbobi, kuma cikin 1857 ya fitar da littafinsa na farko a kan abubuwan mamaki na halitta, wanda ya sami karɓuwa. Cikin 1863 ya bar soja, ya yi aure, ya kuma buga littafi a kan yadda a ke ƙyanƙyasar ƙwan kifi da hannu. Daga wannan shekara hankalinsa ya koma kan kifi ɗungum.

Abin da ya ja shi ga wannan shi ne halin da ƙasarsa ta shiga. Sa'ad da aka yi ƙidayar farko cikin 1801, mutanen Ingila da Wales ba su cika miliyan 9 ba. Cikin 1851 sun kusa miliyan 18, cikin 1881 kuwa sun kai wajen miliyan 26. Ko wane baki yana neman abinci, ko wane gari yana zuba ƙazantarsa a kogi. Masu masaƙu da injunan niƙa suka datse koguna don su sami ƙarfin ruwa, kifi ya rasa hanyar hawa. Masu haƙar dalma da gawayi, da marina da majema, suka riƙa sakin ruwan guba. Masunta kuma suka kafa taru da shinge a bakin koguna, suna tare kifin tun bai kai wurin haihuwa ba, ga kuma jirgin ƙasa ya zo yana kwashe shi zuwa kasuwannin birane cikin ƙanƙara. Kogin Thames, wanda ya ratsa Landan, da can ana kama salmon cikinsa, amma tun wajen 1833 aka daina ganinsa. Cikin 1858 kogin ya yi wari har ya dami 'yan Majalisa a zaurensu.

Da abin ya yi yawa sai Gwamnati ta naɗa hukumar bincike cikin 1860, kuma cikin 1861 Majalisa ta kafa dokar kamun salmon. Dokar ta ware watannin haihuwa ta hana su a cikinsu, ta kuma ware kwanaki a ko wane mako da za a janye taru don kifi ya wuce. Ta hana sukar kifi da mashi da dare da hasken wuta, ta hana kama ƙanana, ta ce duk wanda ya gina sabuwar madatsa sai ya yi wa kifi hanya. Aka sa sufetoci biyu ƙarƙashin Ministan Harkokin Cikin Gida su lura da ita. Cikin 1865 aka ƙara wata doka wadda ta kafa wa ko wane yanki hukumarsa, mai karɓar kuɗin lasin ta biya masu gadi. Cikin 1867 aka ba Buckland ɗaya daga cikin muƙaman sufeto, abokin aikinsa kuwa Spencer Walpole. Muƙamin ya yi kama da na Sarkin Ruwa a wajenmu, sai dai shi ƙasa guda ya ke dubawa.

Kafin naɗin nan ma ya riga ya yi suna. Cikin 1864 wani jirgin ruwa mai suna Norfolk ya tashi daga Landan da ƙwan salmon wajen 100,000, an jera su cikin akwatuna an binne a ƙanƙara, za a kai tsibirin Tasmaniya a Ostareliya. Buckland da wani abokinsa, Francis Francis, suka ƙara da ƙwan wani ɗan'uwan salmon, mai suna trout, wajen 3,000. Bayan tafiyar kusan wata 3 ƙwan suka isa da rai. Salmon ɗin da aka yi wahalar dominsa bai zauna ba, amma trout ya yaɗu, har aka ɗebi irinsa zuwa New Zealand. Cikin 1865 kuma ya buɗe gidan nuna kifi da kayan su a South Kensington, cikin 1866 ya kafa jaridarsa mai suna Land and Water. Nufinsa a duk waɗannan shi ne ruwa ya zama kamar gona, a shuka a girbe, talaka ya sami nama da araha.

Yadda ya riƙe aikin sufeto shi ne abin da mu ke so ma'aikata su lura da shi. Bai yarda da zama ofis yana jiran rahoto ba. Shekara 13 ya yi yana rangadin kogunan Ingila da Wales, yana shiga ruwan sanyi da kansa, yana auna tsawon madatsu, yana duba inda guba ke shigowa. Ya kan zauna da masunta da masu gadi, har da ɓarayin kifi, ya ji ta bakinsu, don ya san na gaba ya fi na baya sanin zurfin ruwa. Babban abin da ya sa gaba shi ne a gina wa kifi matakala a jikin ko wace madatsa, watau jerin ƙananan tafkuna, ɗaya bisa ɗaya, yadda kifi zai yi tsalle ya huta, ya sake yin tsalle har ya haye. Mutum ne mai raha. An ba da labari cewa ya taɓa iske kifaye suna ta fama da wata madatsa a kogin Coquet ba su iya hayewa ba, sai ya rubuta sanarwa ya kafa a wurin, wai yana gaya wa kifayen babu hanya tukuna. Da irin wannan wasa ya kan jawo hankalin jama'a ga maganar da ba ta wasa ba.

Wahalar aikin ba daga kifi ta ke ba, daga mutane ta ke. Masu ƙasa na saman kogi suna kukan cewa a ruwansu kifi ke haihuwa, amma masu taru na bakin teku ke cin riba. Masu taru suna kukan an rage musu kwanakin neman abinci. Talakawan ƙauye, waɗanda suka gaji sukar kifi daga iyayensu, suka wayi gari doka ta mai da su ɓarayi, kuma ba su yi ƙarya ba da suka ce dokar ta fi amfanar masu dukiya. Masu masana'antu kuwa sun fi kowa ƙarfi a Majalisa. Dokar 1861 ta bar musu ƙofa, don in mutum ya nuna ya yi iyakar ƙoƙarinsa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba, ba a kama shi da laifin ɓata ruwa. Saboda haka kifi ya ƙaru a waɗansu koguna inda taru da madatsu ne matsalar, amma inda guba ce, Buckland bai ci nasara ba.

Gwamnati ta riƙa ɗora masa waɗansu bincike, a kan ƙaguwa, da kifin teku, da wata cuta da ta faɗa wa salmon wajen ƙarshen zamaninsa. A nan ne ya kamata mu faɗi kuskurensa. Shi da Walpole sun ba da rahoto cikin 1879 cewa ba su ga shaidar kifin teku yana raguwa ba. Wanda ya gaje shi, shahararren masanin nan Thomas Huxley, ya ƙara da cewa cikin 1883 kogin salmon yana iya ƙarewa, amma manyan kifayen teku sun fi ƙarfin mutum. Lokacin nan jiragen su masu injin tururi sun fara fitowa ke nan. Baya ta nuna ba haka ba ne, don cikin 1992 sai da Gwamnatin Kanada ta rufe kamun kifin cod a gaɓar Newfoundland bayan ya kusa ƙarewa, mutane dubbai suka rasa sana'a. Amma Buckland ya sha roƙon a kafa binciken ilmi a kan rayuwar kifin teku, don ya san abin da aka sani a lokacin kaɗan ne.

Shigar ruwan sanyi shekara da shekaru ta ci jikinsa. Ciwon huhu ya kama shi, daga baya jikinsa ya kumbura, ya rasu a gidansa a Landan ran 19 ga Disamba, 1880, kwana 2 bayan ya cika shekara 54. Aka binne shi a maƙabartar Brompton. Ya bar wa ƙasa gidan nuna kifinsa, ya kuma yi wasiyya da fam 5,000, cewa bayan ran matarsa a riƙa biyan wani masani yana yi wa jama'a lacca a kan kifi. An fara laccocin cikin 1930.

Abin da ya biyo baya ya gaskata shi a kan koguna. Bayan an gyara magudanan Landan aka rage ƙazanta, sai ga salmon an kama a Thames cikin 1974, bayan shekara wajen 140. Kogin Tyne, wanda guba ta kusa kashewa a tsakiyar ƙarni na 20, ya farfaɗo ya zama kan gaba a kogunan salmon na Ingila. Duk da haka ba a tsira ba. Cikin 2023 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta bayyana cewa salmon na Tekun Atlantika ya ragu da kashi 23 cikin 100 tsakanin 2006 da 2020, ta kuma sa na Biritaniya cikin masu fuskantar ƙarewa. Ga tsofaffin dalilai, madatsu da ƙazanta, an sami ƙarin sababbi, watau ɗumamar ruwa da ƙwarin da ke fitowa daga wuraren kiwon kifi a teku.

Abin da muka tsinta cikin wannan labari shi ne, arzikin da kowa ke ɗiba ba mai mayarwa, yawansa ba ya hana shi ƙarewa, kuma doka a takarda ba ta tsare kogi sai an sami mai bin ta har bakin ruwa. Muna fata malamai za su karanta wa almajiransu labarin nan, ma'aikata kuma su dubi yadda Buckland ya riƙe amanar da aka ba shi.