Abebe Bikila: Sojan Habasha da ya ci gudun fanfalaki a Rum ba takalmi

Da yammacin ranar Asabar, 10 ga Satumban 1960, 'yan tsere sama da 60 suka yi layi a tsakiyar birnin Rum na Italiya, suna jiran a ba su izinin fara gudun fanfalaki na gasar Olamfik. A cikinsu akwai wani siririn soja daga Habasha, sanye da riga mai lamba 11, ƙafarsa kuma babu takalmi.

Babu wanda ya sa shi a lissafi. Bayan awa biyu da minti 15 da daƙiƙa 16, shi ne ya fara isa ƙarshen kilomita 42 da mita 195, ya kafa sabon tarihin duniya, ya kuma zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci lambar zinare a Olamfik.

A lokacin saura mako uku Najeriya ta samu 'yancin kai, Nijar kuwa ba ta daɗe da cika wata guda da samun nata ba. Sunan sojan Abebe Bikila.

Ɗan makiyayi

An haifi Abebe ranar 7 ga Agustan 1932 a ƙauyen Jato da ke yankin Shewa na Habasha. Mahaifinsa makiyayi ne. Yana ɗan shekara uku sojojin Italiya suka mamaye ƙasar, lamarin da ya tilasta wa iyalinsu yin ƙaura zuwa wani ƙauye mai nisa kafin daga baya su dawo.

Yana yaro ya yi kiwo, ya kuma yi wasan gena, wani wasan gargajiya da ake bugawa da sanda a fili mai faɗi. Da ya kai kimanin shekara 20 sai ya tafi Addis Ababa, ya shiga rundunar da ke tsaron Sarki Haile Selassie.

A nan ne gudu ya zama masa sana'a. A tsakiyar shekarun 1950 yakan yi gudun kilomita 20 tsakanin tsaunukan Sululta da Addis Ababa, birnin da ke kan tudu mai tsawon sama da mita 2,300, inda iska ba ta da kauri, baƙo kan yi haki ko da tafiya kawai yake yi.

A 1956 ya shiga gudun fanfalaki na gasar sojojin ƙasar, ya zo na biyu a bayan Wami Biratu.

Mutumin da ake mantawa da shi

Idan ana ba da labarin Abebe, yawanci a kan tsaya ne a kan ƙafarsa, kamar dai wani ɗan ƙauye ne ya sauko daga tsauni ya ba duniya mamaki da baiwa kawai. Wannan labarin yana da daɗin ji, amma ya rage masa daraja.

Gwamnatin Habasha ta ɗauki wani mai horarwa daga Sweden, Onni Niskanen, domin ya horar da dakarun fadar sarki. Shi ne ya ga Abebe ya ja shi a jiki. Ya tsara masa atisaye: dogon gudu a kan tsaunuka, gajeren gudu mai sauri da ake maimaitawa sau da yawa, da hutu a kan lokaci. Yana riƙe da agogo, yana rubuta sakamako.

Kafin a tafi Rum, Abebe ya yi gudun fanfalaki a Addis Ababa cikin awa biyu da minti 21 da daƙiƙa 23, wanda ya fi tarihin Olamfik na wancan lokaci sauri. Ke nan Niskanen ya san abin da ya ɗauko, sauran duniya ce ba ta sani ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogi a Yauri ranar bikin Rigata, ya ga yadda samarin Gungawa ke tseren kwale-kwale da ninƙaya, ya san juriya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Haka masuntan Ngaski da Shanga da ke wuni suna tuƙi a kan ruwa. Abin da Abebe ya samu wanda irin waɗannan samari ba kasafai suke samu ba shi ne mutum mai agogo da littafi, da albashin da zai ba shi damar yin atisaye kullum.

Daren Rum

Batun takalmin ma ba talauci ba ne. Ya samu sabon takalmi a Rum, amma bai yi masa daidai ba, ya sale masa ƙafa. Da yake ya saba atisaye ba takalmi, sai ya yanke shawarar ajiye shi.

Saboda zafin rana, masu shirya gasar suka sa a fara tseren da yamma, a ƙare shi cikin dare. Sashen ƙarshe ya bi ta wata tsohuwar hanyar Rumawa da ake kira Appia, wadda aka shimfiɗa da duwatsu. Sojojin Italiya ne suka jeru a gefen hanya riƙe da wutar yula suna haska wa 'yan tsere. Ba don su ba, da mutum mara takalmi bai ga inda zai taka ba.

Niskanen ya gargaɗe shi da ya lura da wani ɗan Maroko, Rhadi Ben Abdesselam, wanda ake sa ran zai sa lamba 26. Amma a ranar Rhadi ya fito da lamba 185. Ana ba da labarin cewa Abebe ya yi ta ƙara sauri yana neman mai lamba 26 a gaba, alhali mutumin yana kafaɗa da kafaɗa da shi.

Su biyun suka bar kowa a baya. Kusa da ƙarshe suka wuce ta gaban doguwar hasumiyar dutse ta Aksum, wadda sojojin Mussolini suka kwaso daga Habasha a 1937 suka kafa a Rum. Daga nan Abebe ya ƙara mai, ya bar Rhadi da tazarar daƙiƙa 25. Barry Magee na New Zealand ya zo na uku.

Ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya rage daga tarihin duniya da Sergei Popov na Tarayyar Sobiyet ke riƙe da shi. Hasumiyar kuwa sai a 2005 Italiya ta mayar wa Habasha da ita.

Da ya koma gida aka yi masa ƙarin girma zuwa kofur.

Juyin mulki da tiyata

Murnar ba ta daɗe ba. A watan Disamban 1960, lokacin da Haile Selassie ke ziyara a Brazil, kwamandan dakarun fadar, Mengistu Neway, ya jagoranci yunƙurin juyin mulki. Yunƙurin bai yi nasara ba, aka kashe mutane da dama, daga baya aka rataye Mengistu. Abebe, kasancewarsa ɗan rundunar, an tsare shi na ɗan lokaci, aka yi masa tambayoyi, aka sake shi.

A 1961 ya ci tsere a Atina ta Girka, da Osaka ta Japan, da Košice ta Chekoslobakiya. A 1963 ya zo na biyar a Boston ta Amurka.

Saura kamar kwana 40 a yi tseren Olamfik na Tokyo a 1964, ciwon ciki ya kama shi yana atisaye. Likitoci suka gano afendis ne, aka yi masa tiyata ranar 16 ga Satumba. Mutane da yawa sun ɗauka shi ke nan.

Ranar 21 ga Oktoba, mako biyar cif bayan tiyatar, ya shiga layi, wannan karon da takalmin Puma a ƙafarsa. Tun kafin rabin hanya ya wuce gaba. Ya shiga filin wasa shi kaɗai, ya kammala cikin awa biyu da minti 12 da daƙiƙa 11, wani sabon tarihin duniya. Maimakon ya zube, sai ya koma kan ciyawa ya shiga motsa jiki, 'yan kallo na tafi. Sai bayan sama da minti huɗu Basil Heatley na Birtaniya ya iso, Kokichi Tsuburaya na Japan na biye da shi.

Tseren Tokyo ya isa ya rufe maganar cewa sirrin yana tafin ƙafa: da takalmi ya fi sauri da minti uku. Shi ne mutum na farko da ya ci gudun fanfalaki na Olamfik sau biyu a jere. A wannan gasa ce Najeriya ta samu lambarta ta farko a Olamfik, tagullar da ɗan dambe Nojeem Maiyegun ya ciyo.

Sarki ya ba Abebe muƙamin laftanar, da gida, da mota ƙirar Volkswagen Beetle.

A Olamfik na birnin Meziko a 1968 ya shiga tsere da tsagewar ƙashi a ƙwaurinsa. Bai kai rabin hanya ba ya janye. Ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci zinaren, wanda ya zama na uku a jere ga Habasha. Duk da haka an ɗaga Abebe zuwa kyaftin.

Rayuwa a kan keken guragu

A daren 22 ga Maris na 1969, motarsa ta ƙwace masa ta kife, ya maƙale a ciki har gari ya waye kafin a ciro shi. Ya samu rauni a wuya, jikinsa ya shanye. Bayan mako guda aka kai shi asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, inda ya yi wata takwas. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta je duba shi.

Hannayensa sun dawo aiki, amma ƙafafun da suka sa duniya ta san shi ba su sake takawa ba. Yana da shekara 36, da mata, Yewebdar Wolde-Giorgis, wadda ya aura 'yan watanni kafin tseren Rum, da 'ya'ya ƙanana.

Wannan sashe na rayuwarsa ne ba a cika faɗa ba, kuma shi ne ya fi nuna ko wane ne shi. Ya koma atisaye daga farko, a wasannin da bai taɓa yi ba. A 1970 ya shiga gasar masu buƙata ta musamman ta Stoke Mandeville, wadda ita ce tushen gasar Olamfik ta naƙasassu, ya fafata a harbin kibiya da ƙwallon tebur.

A 1971 aka gayyace shi Norway a matsayin baƙo. Maimakon ya zauna yana kallo sai ya shiga gasa, har ya yi nasara a tseren keken da karnuka ke ja a kan dusar ƙanƙara, abin da babu shi a Habasha.

A yau akwai masu shiga doguwar gasar nan mai hawa uku, inda mutum zai yi ninƙayar kusan kilomita huɗu, ya tuƙa keke kilomita 180, sannan ya rufe da cikakken gudun fanfalaki, duk a rana ɗaya. An fara ta ne a Hawaii a 1978, Abebe bai riske ta ba. Amma abin da masu ita ke shafe watanni suna koya, wato sauya wasa a lokacin da jiki ya riga ya gaji, shi larura ce ta koya masa.

A 1972 ya halarci Olamfik na Munich a matsayin babban baƙo, jama'a suka miƙe tsaye suna masa tafi. A nan ya ga Mamo Wolde, yana da shekara 40, ya ci tagulla.

Ranar 25 ga Oktoban 1973 Abebe Bikila ya rasu a Addis Ababa sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, wanda ke da nasaba da haɗarin motar. Shekarunsa 41. A cikin gudun fanfalaki 16 da ya shiga a rayuwarsa, ya ci 12.

An yi masa jana'izar soja a maƙabartar cocin Saint Joseph, dubban mutane suka halarta, ciki har da Haile Selassie, wanda aka hamɓarar da shi kafin shekara ta zagayo. Akwai filin wasa mai ɗauke da sunan Abebe a Addis Ababa.

A 2010, shekara 50 bayan daren Rum, wani ɗan Habasha mai suna Siraj Gena ya ci gudun fanfalaki na birnin. Da ya rage masa kamar mita 300, sai ya tuɓe takalmansa ya ƙarasa da ƙafa.