Aina Onabolu, Mai Zanen Manyan Ikko

Jama'a, duk wanda ke hawa motar Ijebu-Ode daga nan Ikorodu, ya sani cewa a wannan garin aka haifi mutumin da ake kira uban zanen zamani na Nijeriya, wato Aina Onabolu, a shekarar 1882. Iyayensa 'yan kasuwa ne kamar mu.

Mu a Arewa, sarki in yana son sunansa ya ɗore, mawaƙi yake nema, irin su Narambaɗa. Su kuwa sarakunan Turai na dā, mai zane suke ajiyewa a fada ya zana kamanninsu. To, irin wannan aikin Onabolu ya yi wa manyan Ikko, likitoci da lauyoyi da matansu.

Ba wanda ya koya masa. Tun yana yaro yake kwaikwayon hotunan da ke cikin littattafai da mujallun Turawa, har hannunsa ya faɗa. Da ya zo Ikko ya kama aikin akawu, in an tashi aiki ya koma kan zanensa. A 1906 ya zana matar Spencer Savage, zanen da har yau ake maganarsa. Lokacin kuwa Turawan mulki cewa suke yi baƙar fata bai iya irin wannan aiki ba, sai dai sassaƙa.

Amma fa duk gwanintar nan, sai ya ga in ba takardar shaida, hukuma ba za ta ɗauke shi da muhimmanci ba. A 1920, yana ɗan shekara 38, ya tafi Landan karatun zane, ya zarce Paris ta Faransa, ya dawo a 1922 da takardarsa. Ya shiga koyarwa a makarantun Ikko, har da King's College. Ya yi ta matsa wa gwamnati sai da ta kawo wani malamin zane, Kenneth Murray, a 1927. A hannun Murray ɗin nan Ben Enwonwu ya yi koyo. Onabolu ya mutu a 1963.

Hukuncin zana mai rai dai mun bar wa malamanmu. Abin da ya dame mu shi ne yaranmu na nan unguwa masu basira, da muke cirewa daga makaranta mu zaunar a rumfa. Ɗan kasuwa ne ya haifi Onabolu, bai hana shi karatu ba. Allah ya sa mu gane, amin.