Artur Luwis, malamin tattalin arziki

Can nesa, cikin tekun Karayib, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Sent Lusiya. Yawancin mutanensa baƙaƙe ne, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A nan aka haifi Artur Luwis a shekara ta 1915.

Iyayensa malaman makaranta ne. Yana da shekara 7 ubansa ya rasu, ya bar uwar da ƴaƴa maza biyar. Ita kaɗai ta yi ɗawainiyarsu. Artur yaro ne mai kaifin basira. Yana ɗan shekara 14 ya gama makaranta, ya kama aikin magatakarda. Burinsa ya zama injiniya, amma a zamanin mulkin mallaka ba mai ɗaukar baƙar fata wannan aiki. Da ya ci jarrabawa aka tura shi Landan a 1933, sai ya karanta tattalin arziki, wato ilimin yadda ƙasa ke samun dukiya da yadda take kashe ta.

A 1948 ya zama babban malami a jami'ar Mancesta ta Ingila. Abin da ya dame shi shi ne talaucin ƙasashe irin tasa. A 1954 ya rubuta bayanin da ya fid da sunansa. Ya nuna cewa a ƙauyuka hannuwa sun fi aikin gona yawa, don haka samari ke kwarara birni, kamar ƴan ci-ranin da kuka sani. Masana'antu suna ɗaukarsu da ƙaramin albashi. In an mai da ribar cikin aiki, ƙasa ta ci gaba. In an cinye ta, shi ke nan.

Da Gana ta sami ƴancin kai a 1957, Kwame Nkuruma ya ɗauke shi mai ba da shawara. Tun 1953 Luwis ya gargaɗi ƙasar cewa a fara gyara noman abinci kafin a cika gari da masana'antu. Nkuruma kuwa yana sauri, yana son manyan ayyuka masu cin kuɗi. Luwis ya gaya masa gaskiya, ba a ji ba. A ƙarshen 1958 ya ajiye aikin, ya tafi.

Daga 1963 ya koyar a jami'ar Firinston ta Amurka. A 1979 aka ba shi kyautar Nobel ta tattalin arziki. Ya rasu a 1991, aka binne shi a tsibirinsu.

Takardunsa ba su ɓata ba. An jera su cikin akwatuna a ma'ajiyar jami'ar Firinston: wasiƙu, darussa da rahotanni. Har wasiƙun da suka yi wa juna da Nkuruma suna ciki. Masu binciken tarihin Gana sukan je can su buɗe su.