Dakta Cicely Williams: Likitar da ta koyi sunan cuta daga bakin iyaye mata

Duk wanda ya bi ta lungunan Daurawa da sassafe zai ga yara da kofuna a hannu sun nufi gidan mai koko. Koko abincin yaye ne a gidan mai kuɗi da na talaka, kuma uwa takan samu natsuwa idan ta ga cikin ɗanta ya cika. Fiye da shekara casa'in da suka wuce wata likita ta nuna wa duniya cewa yaro yana iya ƙoshi kullum amma yunwa tana cin jikinsa. Sunanta Cicely Delphine Williams.

An haife ta ranar 2 ga Disamba, 1893, a tsibirin Jamaika, a gidan Turawa manoma da suka daɗe a can. Ta yi karatu a Ingila, kuma lokacin da Yaƙin Duniya na Farko ya kwashe maza zuwa fagen daga, sai Jami'ar Oxford ta buɗe wa mata ƙofar koyon likitanci. Tana cikin rukunin farko da suka shiga. Ta kammala a 1923, ta yi aiki a wani asibitin yara a unguwar talakawa ta Landan, sannan a 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta tura ta Gold Coast, wato Ghana ta yau.

A Koforidua da Kumasi da Accra ta yi ta karɓar yara masu shekara ɗaya zuwa huɗu da suke zuwa da kamanni iri ɗaya. Ƙafafu da fuska sun kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, fata tana saɓulewa, ga gudawa da yawan ƙyuya. Mafi yawansu mutuwa suke yi. Littattafan da ta karanta a Ingila ba su san wannan ciwo ba, don haka ta koma ga waɗanda suka san shi, wato iyaye mata da kakanni da ma'aikatan jinya 'yan ƙasa. Daga wurinsu ta ji kalmar kwashiorkor, wadda a harshen Ga take nufin ciwon da ke kama yaron da aka ture daga nono saboda an samu ƙaninsa. Bahaushe ma ya san wannan hali, shi ya sa yake da kalmar kunika.

Da ta bibiyi abin da yaran suke ci, sai ta tarar kusan dukkansu an yaye su ne a kan kunun masara zalla. Ta gwada ba su madara, ta ga waɗanda aka kawo da wuri suna farfaɗowa. Ta wallafa bincikenta a 1933, sannan a 1935 ta sake rubutu a mujallar likitoci ta Lancet, inda ta ajiye wa cutar sunan da mutanen Ga suka ba ta. Wasu manyan likitoci a Landan sun ƙi yarda, suka dage cewa wata tsohuwar cuta ce ta rashin sinadarin bitamin. Ba ta janye ba, kuma sunan da ta ɗauko daga bakin matan Accra shi ne likitocin duniya suke amfani da shi har yau.

A 1936 aka mayar da ita Malaya. A can ta ga wata sabuwar masifa: kamfanoni suna tura mata sanye da kayan ma'aikatan jinya gida-gida, suna tallar madarar gwangwani mai zaƙi a matsayin madadin nonon uwa. A 1939 ta tsaya gaban manyan attajiran Singafo ta gabatar da jawabi mai taken Madara da Kisan Kai, ta ɗora alhakin mutuwar jarirai a kan irin wannan talla. Sai bayan shekara 42, a 1981, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar da ta taƙaita tallar madarar jarirai.

Ita kanta ta ɗanɗani yunwar da take nazari. Da sojojin Japan suka ci Singafo a 1942, an tsare ta a kurkukun Changi, inda ta ci gaba da kula da yara da ɗan abin da ke hannu. 'Yan sandan asirin Japan sun riƙe ta tsawon watanni, ta fito a rame ƙwarai, da ciwon da rashin abinci mai gina jiki ya bar mata a ƙafafu. A 1948 ta zama shugabar farko ta sashen kula da lafiyar uwa da yaro na Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga baya ta koyar a Landan da Beirut da Amurka. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.

Masana na yanzu suna ganin cutar ba ta tsaya ga rashin abinci mai gina jiki kaɗai ba, cututtuka da ƙazantar ruwa ma suna da hannu. Amma abin da ta gano bai tsufa ba. Yaro mai irin wannan tamowa yana iya yaudarar ido da ma'auni, domin ruwan da ya taru a jikinsa yakan sa a ɗauka ƙiba ce. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke danna bayan ƙafar yaro da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan gurbin ya zauna a ƙafafu biyu, akwai haɗari. Haka nan suna auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, kuma abin da ya gaza santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani da ke buƙatar asibiti nan take. Mazauna Tarauni da Gyadi-Gyadi suna da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan Titin Zariya, ga kuma Asibitin Yara na Hasiya Bayero a cikin gari.

Rigakafin kuwa yana cikin kasuwar unguwa. A ba jariri nono zalla wata shida, a ci gaba da shayar da shi zuwa shekara biyu kamar yadda addini ya kwaɗaitar. Idan aka soma ba shi koko, a haɗa da niƙaƙƙiyar gyaɗa ko waken suya ko garin busasshen kifi, a riƙa ba shi wake da ƙwai da miyar zogale. Maigidan da yake ba da kuɗin cefane yana da rabonsa a nan, domin ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke cin tsire a hanyar dawowa gida zai iya ware kuɗin ƙwai ɗaya ga yaron da aka yaye. Dakta Williams ta fara aikinta ne da tambayar uwa abin da ɗanta ya ci jiya, kuma wannan tambaya ce da kowane uba zai iya yi a daren yau.