Bayard Rustin, Wanda Aka Tura Baya

A ran 28 ga Agusta 1963 mutum wajen 250,000 suka taru a birnin Washinton na Amurka, suna neman a daina wulakanta baƙar fata. Dukanmu mun san Martin Luther King wanda ya yi jawabi ran nan. Amma kaɗan daga cikinmu suka san wanda ya shirya taron cikin wata biyu kacal, ya tanadi motoci da jiragen ƙasa da ruwan sha. Sunansa Bayard Rustin.

An haife shi a 1912 a jihar Pensilbeniya. Kakarsa ta goye shi cikin koyarwar Kwekas, masu bin Almasihu waɗanda suka ƙi yaƙi. Saboda haka ya ƙi shiga soja, aka sa shi kurkuku daga 1944 zuwa 1946. A 1947 ya shiga mota tare da abokansa fararen fata, suka zauna inda doka ta hana, aka yanke masa kwana 30 na aikin fursuna da sarƙa a ƙafa. Ya je Indiya a 1948 ya koyi hanyar Gandi. A 1952 ya zo Afirka ta Yamma, ya sadu da Nkrumah da Azikiwe. A 1956 ya je Montgomery ya ƙarfafa King a kan gwagwarmaya ba da makami ba.

Me ya sa aka ɓoye sunansa? Rustin namiji ne mai son maza, bai kuwa musunta ba. A 1953 aka kulle shi a Kalifoniya saboda wannan. A 1960 aka tilasta masa ya janye daga wurin King. Gab da babban taron wani sanata, Strom Thurmond, ya tone maganar a majalisa domin ya rushe shirin. Amma dattijo Philip Randolph ya tsaya masa, aiki ya ci gaba. A 1964 aka kafa dokar hana wariya.

A ƙarshen ransa ya nemi doka ta kāre masu hali irin nasa. Ya rasu a 1987. A 2013 Shugaba Obama ya ba shi lambar girma, a 2020 gwamnan Kalifoniya ya yafe hukuncin 1953.

'Yan'uwa, mutane da yawa sun ci amfanin wahalarsa, suna jin kunyar ambatonsa. In mun sha ruwan rijiya, ya kamata mu san wanda ya haƙa ta.