Tarihin Sarauniya Esta

Cikin matan da suka yi suna a zamanin da saboda ƙarfin zuciya akwai wata Bayahudiya da ake kira Esta, wadda labarinta yake cikin Tsohon Alkawari. Ta zauna a birnin Shushan na daular Farisa, wato ƙasar Iran ta yau, a zamanin Sarki Ahasurus mai mulkin larduna 127, tun daga Indiya har Habasha. Masana da yawa suna ganin shi ne sarkin Farisa da ya yi mulki daga 486 zuwa 465 kafin haihuwar Almasihu.

Esta marainiya ce, sunanta na yanka kuwa Hadassa. Ɗan baffanta Mordekai shi ya goye ta. Da sarki ya tuɓe matarsa Fashti daga sarauta, sai aka tattaro 'yan mata daga ko'ina, ya zaɓi Esta a shekara ta bakwai ta sarautarsa. Amma ba ta bayyana asalinta ba, domin haka Mordekai ya umarce ta.

Ana nan sai sarki ya ɗaukaka wani bafade mai suna Haman. Kowa yana rusuna masa, ban da Mordekai. Haman ya husata, ya sa sarki ya yarda a hallaka Yahudawan daular duka. Ya jefa ƙuri'a, aka tsai da ran 13 ga watan Adar.

Mordekai ya aika wa Esta ta roƙi sarki. To, ga inda gizo yake saƙa. A dokar Farisa, duk wanda ya shiga wurin sarki ba da kira ba kisa ne hukuncinsa, sai fa in sarki ya miƙa masa sandansa na zinariya. Ga shi kuwa ta yi kwana talatin ba a kira ta ba. Da ta so, sai ta yi shiru a fada, tun da ba a san ita Bayahudiya ce ba. Maimakon haka ta sa Yahudawan Shushan suka yi azumin kwana uku tare da ita, ba ci ba sha, sa'an nan ta sai da ranta ta shiga. Sarki kuwa ya miƙa mata sandan.

Esta ba ta yi garaje ba. Ta gayyaci sarki da Haman liyafa har sau biyu, sai a ta biyun ta bayyana asalinta, ta tona makircin. Aka rataye Haman a kan gungumen da ya kafa domin Mordekai. Gaskiyar Hausawa, in za ka haƙa ramin mugunta, haƙa shi gajere. Da yake dokar Farisa ba ta sokuwa, sai aka fito da wata sabuwa wadda ta ba Yahudawa izinin kare kansu, suka kuwa yi nasara.

Har yau Yahudawa suna tuna wannan ceto kowace shekara da idin Furim, ran 14 da 15 ga Adar. Sukan karanta littafin Esta, su aika wa juna abinci, su ba matalauta kyauta.

'Yan'uwana ɗalibai, musamman mata, mu yi koyi da Esta. Ɗaukaka ba ta sa ta manta da danginta ba, tsoro kuma bai hana ta faɗin gaskiya ba.