DAKTA HARVEY CUSHING: Likitan Da Ya Fara Bincikensa Da Karnuka

An haifi Harvey Cushing ran 8 ga Afrilu, 1869, a birnin Cleveland na ƙasar Amurka. Mahaifinsa da kakansa duka likitoci ne. Ya yi karatu a Jami'ar Yale, ya sami digirin likita a Harvard cikin 1895, daga nan ya kama aikin tiyata a asibitin Johns Hopkins.

A can ne hankalinsa ya koma kan wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, wadda ke rataye a gindin ƙwaƙwalwa, likitoci na ce da ita fituwitari. Wajen 1909 ya riƙa yanke wani sashenta a jikin karnuka don ya ga abin da zai biyo baya. Sai karnukan suka yi ƙiba, kuzarinsu ya ragu. Cikin 1932, yana Boston, ya bayyana cewa ɗan ƙari a wannan tsoka shi ke haddasa wata cuta mai kumbura fuska da ciki. Cutar har yau da sunansa ake kiranta.

Abin mamaki, karnuka sun fi mutane kamuwa da ita nesa ba kusa ba. Ƙarin yakan ingiza wasu tsokoki da ke bisa ƙoda su yi ta zuba sinadarin kotisol fiye da kima. Mafaraucin Birnin Kudu ko Gwaram da ya ga tsohon karensa yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, yana yawan fitsari da haki, ga ci kamar gara, ga tumbi ya sauko, gashi na zuba ta ɓangarorin jiki biyu, to kada ya ce tsufa ne kurum, ya nemi likitan dabbobi. In ƙarin ya girma har ya danne ƙwaƙwalwa, karen kan daina ci, ya yi sukuku, wani lokaci ya yi ta zagaye a wuri guda.

Cushing ya yi wa mutum fiye da 2,000 tiyatar ƙarin ƙwaƙwalwa, a zamanin da shiga wannan aiki kusan sallama ce da duniya. Ya rasu a New Haven ran 7 ga Oktoba, 1939, sanadiyyar ciwon zuciya, yana da shekara 70. Da aka bincika gawarsa, sai aka tarar da ɗan ƙullutu a tasa ƙwaƙwalwar.